Wa Ya Ƙirga Shekarun Duniya? Amsar Tana Cikin Farin Ɗigo a Baƙin Dutse

A zangon karatun da ya gabata ne muka kwashi 'yan aji uku na ƙaramar sakandare zuwa Tafkin Bosomtwe. Duk wanda ya tashi a Kumasi ya san wurin, ko aƙalla ya ji labarinsa, tafiyar wajen kilomita 30 ce. Mota ta hau tudu tana nishi, ta fara gangara, sai ga ruwa kwance a cikin wani ƙaton rami zagayayye, kamar an binne ƙwarya a tsakiyar tsaunuka. Na tsaya a bakin ruwan ina zuba bayani: wannan rami da kuke gani, faɗinsa kilomita 10 da rabi, dutse ne ya faɗo daga sama ya haƙa shi, shekara miliyan 1 da ɗoriya ke nan. Da na ga sun saki baki, sai na ƙara musu da cewa ai wannan jiya-jiya ne, ita duniyar da muke takawa ta kai shekara biliyan 4 da rabi.

Wata yarinya, cikin waɗanda ba a cika jin muryarsu a aji ba, ta ɗaga hannu.

"Ticha, wa ya ƙirga?"

Yara suka bushe da dariya. Na ce masana kimiyya ne. Ta ce, "To da me suka ƙirga?" Na ce haka yake a littafi, kowa ya shiga mota, yamma ta yi.

Tun daga bakin tafkin har muka shigo gari ban sami sukuni ba. A kwalejin horon malamai an koya mana tsara darasi, an koya mana riƙe aji, har da yadda ake tsayuwa a gaban allo. Wannan lamba kuwa haddace ta muka yi, muka zuba a takardar jarrabawa, muka wuce abinmu. Shekara da shekaru ina rubuta ta, ban taɓa tambayar kaina daga ina ta fito ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, yaron da ka ce wa "haka littafi ya ce" yau, gobe in wani ya turo masa ƙarya a WhatsApp da hoto mai kyau, ba shi da ma'aunin da zai raba ta da gaskiya. A wurinsa duka biyun "an ce" ne.

Sai na cinye hutun zangon ina karatu. Ga abin da na samo.

Tambayar farko da mai hankali zai yi ita ce, in shekarun duniya ake nema, me ya hana a fasa dutsen da ke ƙarƙashin ƙafarmu a auna? Ai an yi. Matsalar, duniya ba ta ajiye tsofaffin takardunta. Tana narkar da duwatsunta, ta amayo su ta bakin tsaunuka masu aman wuta, ruwa ya zaizaye su, ƙasa ta haɗiye, a sake sabon zubi. Duwatsun da ake haƙar zinariya a cikinsu a Obuasi, waɗanda masana ke kira Birimiyan saboda kogin Birim, shekarunsu wajen miliyan 2,100 ne. Akwai duwatsu a arewacin Kanada da suka kai miliyan 4,000. Akwai kuma wasu 'yan ƙwayoyin ma'adini da ake kira zirkon, daga Jack Hills a yammacin Ostireliya, da suka kai miliyan 4,400. Daga nan sai shiru. Shafukan farko an yage su.

Dutsen da ya faɗo daga sama kuwa, labarinsa daban. Galibinsu ɓaraguzai ne daga tarin manya da ƙananan duwatsun da ke yawo tsakanin duniyar Mas da Jufita, ragowar kayan ginin da ba a yi amfani da su ba. Wasunsu ba su taɓa narkewa ba tun ranar da suka dunƙule. Ba ruwan sama a can, ba iska, ba abin da zai taɓa su. Shi ya sa mai neman ranar da aka aza harsashi ba bangon da aka sha yi wa yaɓe yake dubawa ba, bulon da ya rage a bayan gida yake nema.

Agogon da ke cikin dutse

Kowane abu da muke gani an gina shi ne da ƙwayoyin zarra, kuma a tsakiyar kowace ƙwaya akwai wasu ƙananan ƙwayoyi iri biyu, furoton da niyutoron. Yawan furoton shi ke ba sinadari sunansa. Mai 92 yuraniyam ne, wanda ake haƙowa a Arlit ta Nijar. Mai 82 dalma ce, wadda ke cikin batirin mota. Amma yawan niyutoron yana iya bambanta ko a cikin sinadari ɗaya, sai ka sami 'yan gida ɗaya, suna ɗaya, hali ɗaya, amma wani ya fi wani nauyi. Su ake kira aisotof, kuma da nauyinsu ake rarrabe su: yuraniyam 238, yuraniyam 235, dalma 204, 206, 207, 208.

Yuraniyam ba ya zama lafiya. A hankali ƙwayoyinsa suna farfashewa, suna zubar da wani sashe na jikinsu mataki-mataki, har su ƙare a dalma. Mai 238 yana ƙarewa a dalma 206. Mai 235 yana ƙarewa a dalma 207. Ba sa taɓa musanya gida.

Yadda wannan rushewa ke tafiya shi ne asirin agogon, kuma da kwabbai na fahimtar da kaina. Ka zuba kwabbai 100 a faranti, ka girgiza, ka watsa a tabarma, ka kwashe duk waɗanda suka kife. Wajen 50 za su rage. Ka sake, wajen 25. Ka sake, 12 ko 13. Ba wanda zai iya nuna maka wane kwabo ne zai kife, amma kowa ya san kusan rabi za su tafi a kowane zagaye. Haka yuraniyam yake, sai dai shi zagayensa lokaci ne ƙayyadadde, wanda zan kira wa'adin rabi. Na yuraniyam 238 shekara miliyan 4,468 ne. Na 235 kuwa miliyan 704. Ba jira aka yi aka ga rabin ya ƙare ba. An ɗauki sanannen nauyi na yuraniyam, aka ƙirga ƙwayoyi nawa ke fashewa a minti ɗaya, sauran kuma lissafi ne. An gwada zafi, an gwada sanyi, an gwada matsi, saurin bai motsa ba.

To ga inda abin ya burge ni. Tunda agogo biyu ne suke tafiya a cikin dutse ɗaya, ɗaya mai gaggawa ɗaya mai nawa, ba sai ka san yawan yuraniyam ɗin da dutsen ya fara da shi ba. Kwatanta dalmar biyu kawai za ka yi. A zamanin farko 235 yana da yawa, kusan ƙwaya 1 a kowace 3 ta 238, yana kuma zubar da dalma 207 da sauri. Yau ya kusa ƙarewa, saura 1 a kowace 138. Ke nan gwargwadon tsufan dutse, gwargwadon yawan 207 a cikin dalmar da ya haifa. Na zauna da kalkuleta na buga da kaina. Dalmar da yuraniyam ke haifarwa a yau, a kowace ƙwaya 1,000 ta 206 akwai 46 ta 207. Wadda ta taru a ma'adini sa'an duwatsun Obuasi, wajen 130. Wadda ta taru tun shekara miliyan 4,567 kuwa, wajen 625. Wannan lamba ita ce hannun agogon.

Saura matsala ɗaya, kuma ita ce mai wuyar. Ba duk dalmar da ke cikin dutse ce yuraniyam ya haifa ba. Akwai tsohuwa da dutsen ya zo da ita, akwai kuma wadda ta shige shi daga baya. Sa'ar da aka yi, dalma 204 ba wani yuraniyam da ke haifarta. Duk inda ka gan ta, ka san baƙuwar dalma ta shigo, kuma da yawanta za ka san abin da za ka cire.

Mutumin da ya fara cin wannan jarrabawa sunansa Clair Patterson, Ba'amurke. Yana ɗalibi a Jami'ar Shikago malaminsa Harrison Brown ya ba shi aikin auna dalma, da zaton abu ne mai sauƙi. Sai ya ci masa shekaru. Duk abin da ya auna sai ya tarar da dalma fiye da kima. Ashe tana cikin ƙurar ɗaki, tana cikin ruwan famfo, tana jikin kwalaben gwaji, tana tufafinsa da gashin kansa. Da ya koma Caltech a Kalifoniya sai ya gina ɗakin gwaji mai tsafta irin wadda ba a saba gani ba, yana wanke komai da asid, yana tace iskar da ke shiga. Ya ɗauki wani dutsen sama na baƙin ƙarfe mai suna Canyon Diablo, ɓarɓashin wanda ya haƙa sanannen ramin nan na Arizona. A cikinsa akwai wani ma'adini mai dalma amma kusan babu yuraniyam, wato dalmarsa tana nan yadda take tun fil azal. Ya kwatanta ta da ta wasu duwatsun sama da ta lakar ƙasan teku. A 1956 ya wallafa amsa: shekara miliyan 4,550, da yiwuwar kuskuren miliyan 70 sama ko ƙasa. Yau kusan shekara 70 ke nan, lambar ba ta rushe ba, sai dai gyaran fuska.

Bari in ɗan ratse, don wannan ya shafi huhun kowa. Patterson bai bar tambayar nan ta daga ina wannan dalma ke fitowa ba. Ya bi sawunta a ruwan teku da ƙanƙarar Girinlan da Antatika, ya gano cewa mafi yawanta daga hayaƙin mota take, domin tun shekarun 1920 ake zuba dalma a fetur. Faɗin haka ya jawo masa baƙin jini, har aka ƙi sa shi a kwamitin ƙasa da aka kafa kan dalmar da ke iska a 1971, alhali ba wanda ya fi shi sanin zancen. Ya rasu a 1995. Sai a 2021 Aljeriya, ƙasa ta ƙarshe, ta daina sayar da fetur mai dalma. Mutum ya fita neman shekarun duniya, ya dawo da maganin gubar da ke cin ƙwaƙwalwar yara. Idan wani ya tambaye ka amfanin irin wannan bincike, ga amsa ɗaya.

Daren Allende

Lambar Patterson ta ba da shekarun gidan a dunƙule. Amma mene ne abu na farko da ya daskare? Wace rana za a kira rana ta ɗaya?

Cikin daren 8 ga Fabrairu 1969, da misalin ƙarfe 1, wata ƙatuwar wuta ta keta sararin jihar Chihuahua a arewacin Meziko, ta fashe, ta yi ruwan duwatsu a fili mai tsawon kilomita 50 kusa da wani ƙauye, Pueblito de Allende. Mutanen ƙauye, manya da yara, da masanan da suka rugo, sun tsinci fiye da tan 2. Lokacin kuma ya zo daidai, domin saura wata 5 a sauka kan wata, ɗakunan gwaje-gwaje a Amurka sun sayi sababbin na'urori sun share wuri suna jiran duwatsun Apollo. Sai ga wani kaya ya sauko kyauta, mai yawan da za a iya fasawa a narkar ba tare da an ji ciwo ba.

In ka yanka dutsen Allende, cikinsa baƙi-baƙi ne, cike da 'yan dunƙuloli kamar ƙwayar gero. Jefi-jefi kuma sai ka ga fararen ɗigo marasa tsari, wani kamar ƙwayar riɗi, wani ya kai gyaɗa ko goro. Da aka bincika, sai aka ga ɗigon nan cike suke da kalsiyam da alminiyam da titaniyam, shi ya sa masana ke taƙaita sunansu da haruffa uku, CAI. Abin da ya ɗaga hankalin masana shi ne, tun kafin a san su an riga an yi lissafi a takarda: idan ka ɗauki iskar gas mai irin haɗin sinadaran rana, mai zafin da ya mayar da dutse da ƙarfe tururi, ka bar ta tana hucewa, waɗanne ma'adinai ne za su fara daskarewa? Amsar takarda ita ce masu kalsiyam da alminiyam da titaniyam, tun zafi yana sama da digiri 1,000. Ga shi kuwa a tafin hannu.

Ka tuna yadda tururi ke taruwa ya zama ɗigon ruwa a ƙarƙashin marfin tukunya. Lokacin da gajimaren gas da ƙura ya rufta kansa ya haifi rana, ragowar ta zama faifai mai juyawa a kewayenta, kusa da tsakiya kuma zafi ya ƙone komai ya zama tururi. Fararen ɗigon nan su ne raɓar farko. A cikin duk abin da aka ƙera a gidan rana kuma ya zo hannun ɗan Adam, ba a auna wanda ya girme su ba. Saboda haka masana suka yi ittifaƙi a fara ƙirga daga kansu.

Kuma Allah da ikonsa, ɗigon sun dace da agogon dalma kamar don shi aka yi su. Yuraniyam yana daskarewa tun da zafi, don haka ya shiga cikinsu. Dalma kuwa sai wuri ya huce sosai take daskarewa, don haka aka bar ta a waje. Ɗigon ya fara rayuwa kusan babu tsohuwar dalma, kusan duk wadda ke cikinsa yau haifaffiyar gida ce.

Aikin dai ba wasa ba ne. Ana ciro ɗigon, a farfasa, a tsince shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a wanke, sannan a narkar da shi da asid mataki-mataki, daga mai sauƙi zuwa mai ƙarfi. Matakan farko suna kwashe dalmar da ta manne daga waje, na baya suna fito da ta ciki. Dalmar da ake samu a mataki ɗaya sau da yawa ba ta kai kashi 1 cikin biliyan na giram ba. Ana ɗora ta a kan siririyar waya a cikin na'ura, a gasa, ƙwayoyin su tashi, maganaɗisu ya karkatar da su, masu nauyi su bi hanya daban da marasa nauyi, a ƙirga kowanne. Kowane mataki yana ba da ɗigo ɗaya a jadawali. Idan dutsen ya riƙe amanarsa, ɗigon duka za su jeru a miƙaƙƙen layi, sai a bi layin har inda 204 ta zama sifili, a karanta agogo. Idan wani abu ya taɓa dutsen a tsawon zamani, za su warwatse, mai binciken ya san wannan shaida ba ta karɓuwa. Wannan ne ya kwantar mini da hankali fiye da komai: hanyar tana tona asirin kanta in ta yi kuskure.

A 2002 Yuri Amelin da abokan aikinsa suka auna irin wannan ɗigo daga dutsen Efremovka, wanda aka tsinta a Kazakistan a 1962, suka sami miliyan 4,567.2. Kowa ya ɗauka magana ta kusa ƙarewa. Sai a 2010 wani ɗalibi a Jami'ar Jihar Arizona, Gregory Brennecka, ya taɓo inda ba a zata ba. Shekaru da dama kowa yana sa lamba ɗaya a lissafi, cewa a ko'ina akwai ƙwaya 137.88 ta yuraniyam 238 a kan kowace 1 ta 235. Haddace ta aka yi, kamar yadda na haddace tawa. Da ya auna fararen ɗigon Allende da na'ura mai kaifi, sai ya ga lambar tana ɗan motsi daga ɗigo zuwa ɗigo. Motsin ƙanƙane ne, amma ya isa ya karkatar da amsa da shekara miliyan 1 ko fiye, a mafi muni har miliyan 5. Daga ranar ya zama dole duk mai auna dalmar ɗigo ya auna yuraniyam ɗinsa ma.

Hakan James Connelly da Martin Bizzarro da tawagarsu suka yi a Kofanhegan ta Denmak. A 2012 suka fitar da lambar da aka fi ambata yau: shekara miliyan 4,567.30, kuskure sama ko ƙasa bai wuce shekara 160,000 ba. Don ka ji nauyin wannan, kamar a auna hanyar Ankara zuwa Kumasi ce, wajen kilomita 250, a ce kuskuren bai kai mita 9 ba. Ko a duba mutum ɗan shekara 35 a faɗi ranar haihuwarsa, a kuskure da ƙasa da rabin yini. Sun kuma auna 'yan dunƙulolin nan masu kama da gero, suka ga wasu sa'annin farin ɗigo ne, wasu kuma sun biyo baya har zuwa wajen shekara miliyan 3.

Kada a ce na ɓoye, ba kowa ya sallama ba. A 2010 Audrey Bouvier da Meenakshi Wadhwa sun auna wani ɗigo daga dutsen da aka samo a hamadar arewa maso yammacin Afirka, suka sami miliyan 4,568.2. A 2023 ma wasu masana sun haɗa agogo daban-daban suka ce ranar farkon ta haura 4,568. Gardamar tana nan da ranta. Amma a lura da girmanta: a kan miliyan 1 ake ja-in-ja cikin 4,567.

Mai karatu zai ce, to mene ne na ɓata rai a kan miliyan 1? Dalilin yana cikin agogo na uku, wanda ya riga ya mutu. A 1976 masana uku a Caltech, Typhoon Lee da Dimitri Papanastassiou da Gerald Wasserburg, waɗanda suka yi wa ɗakin gwajinsu laƙabi da gidan mahaukata, suka gano cewa a cikin farin ɗigon Allende, duk inda alminiyam ya fi yawa, magniziyam 26 ma ya fi yawa. Fassarar ita ce, a da akwai wani alminiyam 26 da ya rushe ya koma magniziyam 26. Wa'adin rabinsa wajen shekara 717,000 ne kacal, ƙiftawar ido a wannan ma'auni. Bayan shekara miliyan 7, wajen kashi 1 cikin 1,000 ne kawai ke saura. Tunda ɗigon sun same shi da rai, kimanin ƙwaya 52 a kowace miliyan ta alminiyam, lalle bai daɗe da ƙeruwa ba, kuma mafi rinjayen ra'ayi shi ne wani ƙaton tauraro ne a maƙwabta ya feso shi. Ashe rana ba ita kaɗai aka haifa a daji ba, cikin unguwa ta tashi.

Wannan alminiyam shi ne wutar da ta dafa duniyoyin farko. Manomin koko ya san cewa in ya tara 'ya'yan koko tsibi babba ya rufe da ganyen ayaba, tsibin zai ɗau zafi da kansa, ƙaramin tsibi kuwa ba ya riƙe zafi. Dunƙulen dutsen da ya haɗu da wuri, alminiyam 26 yana da ƙarfinsa, ya narke, ƙarfe ya nutse tsakiya, dutse ya taso sama. Wanda ya makara da shekara miliyan 2 ko 3 ya tarar wuta ta ja baya, ya zauna ɗanye, kamar uwar dutsen Allende. Ka ga ke nan miliyan 1 a wancan zamani ita ce tsakanin dafaffe da ɗanye. Ita duniyarmu ta ɗauki ƙarin shekaru miliyoyi gommai kafin ta gama haɗuwa, shi ya sa ake ba ta wajen miliyan 4,540, ƙasa da farin ɗigo.

Kayan daga hamadarmu, awon a ƙasar wasu

Abin da ban zata ba da na shiga wannan karatu shi ne yawan cin karo da Sahara. Hamada ba ta da ruwan da zai ruɓar da dutse, baƙin dutse kuma a kan farar ƙasa daga nesa ake hango shi. Makiyaya da mafarautan duwatsu suna tsinta, kaya ya bi hannu-hannu zuwa kasuwanni irin na Erfoud a Maroko, daga nan Turai da Amurka. Da yake sau da yawa ba a san takamaiman inda aka tsinta ba, sai a sa masa haruffan NWA, wato arewa maso yammacin Afirka, da lamba. Lambobin sun haura 16,000.

A 2020 aka tsinci wani dutse mai korayen ƙwayoyi a yankin Adrar na Aljeriya, aka sa masa suna Erg Chech 002. Daskararren aman wuta ne daga ɓawon wata ƙaramar duniya da ta riga ta tarwatse. A 2023 masana a Ostireliya suka auna dalmarsa: miliyan 4,565.56. Wato ƙasa da shekara miliyan 2 bayan farin ɗigo, har an yi dunƙule, ya narke, ya yi ɓawo. Binciken ya kuma nuna alamar cewa alminiyam 26 bai watsu daidai-wa-daida a ko'ina ba, abin da in ya tabbata zai sa a sake duba ranaku da yawa da aka sa da shi. A kan wannan ma ana ta kai ruwa rana.

Ƙasar Hausa ma tana da nata. Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a gona kusa da Zagami a lardin Katsina, 'yan taku kaɗan daga wani manomi. Daga baya aka tabbatar daga duniyar Mas ya fito, kuma irin wannan awo na aisotof ya nuna shekarunsa wajen miliyan 180 ne, jariri in an kwatanta da Allende. A Nuwamba 2023 kuma aka tsinci wani ɗan Mas ɗin a yankin Agadas, mai nauyin kusan kilo 25, mafi girma da aka sani a doron ƙasa. A Yuli 2025 aka yi gwanjonsa a New York kan dala miliyan 5.3, gwamnatin Nijar kuma ta ce za ta binciki yadda aka yi ya fita daga ƙasar. Ni ba kuɗin ne ya fi tsaya mini a rai ba. A duk sunayen da na lissafa a sama, na masu awo da na jami'o'i, duba ka gani ko akwai na yankinmu.

Da aka koma makaranta na ware darasi biyu. Muka watsa kwabbai a ƙasa, muka zana jadawali, aji ya kaure da hayaniya har malamin da ke maƙwabtaka ya leƙo. Washegari wani yaro ya zo da wani sulɓaɓɓen dutse a aljihu, ya ce na kakansa ne, daga sama ya faɗo. Gatarin aradu ne, wanda Asante ke kira Nyame akuma. Na ce masa wannan hannun mutum ne ya wasa shi tun zamanin da ba ƙarfe, kuma shi ma abin adanawa ne. Dutsen sama na gaske yakan fi girmansa nauyi, yakan zo da siririn baƙin ɓawo kamar an babbaka shi, mafi yawansu kuma maganaɗisu yana kama su. Bai ji daɗi ba, amma ya mayar aljihu da kulawa.

A ƙarshen darasi na rubuta lambobi biyu a allo, 4,567.30 da 4,568.2, na ce masana suna nan suna gardama a tsakaninsu. Wani ya ce, "Ticha, wanne za mu rubuta a jarrabawa?" Na ce ku rubuta biliyan 4.6 yadda yake a littafinku, duka biyun nan suke komawa in an cike lamba.

Yarinyar nan kuwa sai da kowa ya fita ta tsaya a bakin ƙofa. "Ticha, kafin farin ɗigon fa? Babu komai?"

Wannan karon ina da amsa. A shekarar da Allende ya faɗo, cikin Satumba 1969, wani dutse ya faɗo kusa da garin Murchison a Ostireliya. In aka narkar da shi da asid har kusan komai ya tafi, akan sami wata ƙura da ta ƙi narkewa, ƙwayoyin da ido ba ya gani, waɗanda haɗin aisotof ɗinsu bai yi kama da na komai a gidan rana ba. A iskar wasu taurari suka daskare, taurarin da suka mutu kafin a haifi tamu ranar. Sun yi ƙanƙanta da yawa ga agogon dalma, don haka da wata hanya ake kimanta su, ta auna iskar niyon da hasken sararin samaniya ya tara a jikinsu lokacin da suke yawo, kuma kuskurenta ya fi faɗi nesa ba kusa ba. Wani bincike na 2020 ya ba mafi yawansu shekara biliyan 4.6 zuwa 4.9, mafi tsufa kuma wajen biliyan 7.

Ta ciro biro, ta rubuta Murchison a bayan littafinta, ta tambaye ni ko da "c" ake rubutawa ko da "sh".